Wakilin Ango da Asalin Kalmar Gamawa

Duk faɗin Takur, kai har ka fita Dutse ka doshi Kiyawa, ba a yi mai ilimi irin Malam Hashimu ba. Shi da bakinsa ya tabbatar mana, kuma wa zai musa wa masani? Tsohon malamin Faransanci ne. Ya taɓa zuwa kwas Kwatano, ya dawo da tabarau da baƙar jaka da wani tari na musamman da yake yi kafin ya buɗe baki. Ɗalibansa ba su riƙe komai ba sai "fini", wato "an gama", don da ita yake sallamarsu daga aji, shi ya sa ake ce masa Malam Fini. A zatonsa lambar girma ce.

Kowane fanni ya taɓa, amma inda ya nutse shi ne kalmar "gamawa". Ya san ta da Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci, ya san uwarsu a Latin. Aikata ta ne kawai Allah bai nufe shi da shi ba. Masu adaidaita sahu in sun hango baƙar jakar nan, sai su tuna mai ya ƙare musu.

Sai ga auren Jamilu, ɗan ƙaninsa marigayi, da Shamsiyya 'yar Alhaji Arzika na Kiyawa. Jamilu a Fatakwal yake aiki, washegari hutunsa zai ƙare, in ba a ɗaura ranar ba sai baɗi. Liman Modibbo kuwa tun da ya zauna ya ce ana jiransa a Buji kafin la'asar, ga shi Alhaji Arzika ya rantse ba mai ɗaura wa 'yarsa aure sai shi. Wakilcin ango na Malam Fini ne, tunda shi ne babban wa. Aikin ba wuya: ka nema, a ba ka, ka karɓa.

Aka miƙa masa makirfo. Wanda ya miƙa har yau ba a yafe masa ba.

Ya yi tarin nan, ya ce, "Jama'a, yau zaman tuzuru ya ƙare. To, amma mene ne ƙarewa? Rumawa suna cewa finis, wato iyaka, kamar iyakar gona. Ita ta haifi finire. Bafaranshe ya gutsure mata wutsiya ya ce finir, mutumin Italiya ya bar ta da abarta."

Wani dattijo ya ce masha Allah don kara. Kuskuren da ya yi ke nan, don Malam Fini ya ɗauka ƙari ake nema. Duk sanda ya ce "a ƙarshe" sai mutane su ɗaga tafi suna jiran Fatiha, sai kuma su sauke a sanyaye. Alewar ɗaurin aure ta fara narkewa a faranti. Liman ya dubi rana, ya jawo takalmansa kusa. Wallahi na tausaya wa Jamilu, gumi har ya jiƙa masa sabuwar shadda.

Ilimi ya yi wa tabarma yawa, sai Malam ya miƙe. Ya juya wa liman baya, ya fuskanci masu ɗaukar hoto da waya, yana bayanin terminus, dutsen da Rumawa suke kafawa a iyaka, wanda ya haifa wa Sifaniyawa terminar. Har da nuna gabas, ko yamma, inda yake zaton Rum take.

Nan Jamilu ya rarrafo wurin Baba Sagiru, ƙaramin baffansa, ya raɗa masa, "Baffa, na wakilta ka." Liman ya ji, shaidu sun ji. Baba Sagiru ya nema, aka ba shi, ya karɓa, aka ambaci sadaki, duk a bayan babbar rigar masani. Maroƙi ya kwarara, "An ɗaura! Fatiha!"

Malam Fini ya ga tafuka a sama ko'ina, ya ɗauka addu'a ake yi masa. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ba komai, ilimi amana ne. Saura acabar ta Sifaniyawa, wadda ta fito daga kalmar Latin mai nufin kan mutum." Ya waiwayo don ya nemi auren, ya tarar ana naɗe tabarmi, liman ya hau babur.

Bai yi fushi ba. Cewa ya yi shimfiɗarsa ce ta sa auren ya yi albarka, kuma ragowar bayanin yana nan ajiye sai ranar suna.

Allah ya kawo rabo, Shamsiyya ta haihu. Duk Jigawa an san da sassafe ake raɗa suna, amma dangi, saboda girmansa, suka gaya wa Malam Fini bayan azahar. Ya iso da jakarsa, ya yi tarin tun daga zaure. Bai tarar da kowa a ƙofar gida ba sai fatar rago a shanye jikin katanga. Ya tsaya gabanta ya buɗe jaka. Ragon dai ya riga shi sanin darasin tun da safe.