Inda Gwamna Ya Kafa Ƙarfen Ɗuminsa

Garinmu bai taɓa haifar mutum kamar Wubbo Tichelaar ba, kuma shi ne ya fara lura da hakan. Mataimakin shugaban sashen fitilun titi ne a ofishin magajin gari. Sashen na mutum biyu ne, amma ba za ka gane haka a takunsa ba. In ya hau kekensa da safe, yakan amsa gaisuwa tun kafin a gaishe shi, don ya rage wa talakawa wahala. 'Yan layi suna kiransa Gwamna. Ya ji, bai kuma ga abin gyara a ciki ba.

Shekarar da aka jawo gas zuwa layinmu, kowa yana nan da murhunsa na kwal a falo, sauran ɗakuna kuwa sai bargo da haƙuri. Gwamna ya yanke cewa gidansa ne zai fara samun ɗumi na zamani: tukunya guda tana dafa ruwa, bututu yana kai shi cikin faffaɗan ƙarafa, kowane ɗaki da nasa. Ba sanyi ne ya dame shi ba. So yake layi ya gani, musamman Sietske Dijkhuis, tsohuwar da gidanta ke fuskantar nasa. Abin da Sietske ba ta gani ba, a layinmu, bai faru ba.

Mu ba ma jan labulen falo. Mai jan labule da rana yana da abin ɓoyewa. Ta babbar tagar gaba mutum yake nuna wa duniya agogon bangonsa da tsabtar gidansa. To, mai haɗa bututu ya zo ya durƙusa a ƙarƙashin wannan taga ya fara awon inda zai kafa ƙarfen. Gwamna ya fita, ya tsallaka titi, ya leƙo gidansa kamar mai wucewa. Bai hango komai ba sai ƙeyar mutumin.

Ya dawo ya tara iyalinsa, wato matarsa Aaltje, ya yi jawabi.

"Ki fahimta, Aaltje, ci gaba ba kayan sata ba ne da za a tura shi ƙarƙashin taga. Ni ma'aikacin haske ne. Tun da nake kafa fitilu a garin nan, ban taɓa kafa ɗaya inda ba a ganinta ba."

Aaltje ta ce a gidan yayarta a birni ƙarafan duk a ƙarƙashin taga suke. Ya ce yayarta a hawa na huɗu take, ba mai leƙa ta sai tantabara. Mai bututu ya ce gidan ba nasa ba ne, ya naɗe awonsa. Aka ja kabad ɗin tangaran gefe, aka sauke hoton surukar Gwamna, aka kafa ƙarfen a bangon ciki, ƙirjinsa yana kallon titi. Gwamna ya zaɓi wanda ya fi kowanne girma, ya sa aka rataya fitila a kansa.

Ranar buɗewa ya haɗa ta da bikin zagayowar haihuwarsa, wata Lahadi a tsakiyar hunturu, bayan an taso daga coci, lokacin da jama'a ke zagaya gari a ƙafa. Bai gayyaci Sietske ba. Ba don gaba ba. Aikinta daga tsallake yake. Baƙi suka zauna a da'ira kamar yadda aka saba, kowa da kofinsa da yankan kek a cinya, sai dai Gwamna ya bar giɓi a da'irar don kada kan wani ya tare wa titi.

Waɗanda ke kusa da ƙarfen suka tuɓe kwat, fuska ta yi ja. Na bakin taga suka ƙara naɗe wuya. Harm, ƙanen Aaltje, yana cikinsu.

"Suruki," in ji shi, "a wane ofishi ake neman izinin shiga ɓangaren zafi?"

Gwamna bai ji ba, yana bayanin yadda tarihi zai tuna da wannan falo. Numfashin baƙi da tururin kofi kuwa suna ta sauka a kan gilashin nan mai sanyi, wanda babu abin da ke ɗumama shi daga ƙasa. Gilashin ya fara gumi, sannan ya yi fari fat. Da Gwamna ya kai inda zai ce "jama'ar da ke waje shaida ne", ya juya ya miƙa hannu, ba jama'a, ba waje.

Ya karɓi tsumman kwanuka a hannun Aaltje ya goge. Kafin ya koma kujerarsa gilashin ya sake rufewa. Ya sake gogewa.

Haka aka ci hunturun. Da safe kafin ofis, da rana in ya dawo cin abinci, ranar Lahadi kuwa wuni guda. Aaltje ta ce a kira mai bututu ya mayar da abin inda ya fara awo. Gwamna ya ce hukuma ba ta janye shawara. Layi kuwa yana gani. Kullum ga mutum da laktaye yana share fili a jikin gilashi, filin kuma daidai faɗin jikinsa.

Wata Asabar Sietske ta tsallako titi ta danna ƙararrawa. Gwamna ya saka kwat ɗinsa na ofis kafin ya buɗe.

"Maƙwabci, duk layi maganarka ake yi," in ji ta.

Ya sunkuyar da kai irin na manyan da ba sa son yabo.

"Ba mu taɓa ganin namiji mai hannun goge taga irinka ba. Aaltje ta yi dace. Tawa ta sama ta fi ƙarfina, ga tsani can na jingine maka, in ka gama taka." Ta gyara mayafin wuyanta, ta juya. "Kuma ka ce mata ta ƙara kwal a murhun nan. Gidanku ne kaɗai a layin taga ke kuka."