Mashayar Kawu

Har yau, a iya fahimtata dai, ban ga babban laifina ba. Kawuna ladan ne a Lolo, yana kuma sayar da zoɓo da kunun aya kusa da tasha. Da na gama jami'a, na ce zan sa shagonsa a taswirar waya don baƙi su riƙa samunsa. Na ƙi sunan Turanci, na yi ta nazari, sannan na rubuta "Mashayar Kawu". Wurin sha ke nan, ai ko shanu suna da mashaya!

Ranar kasuwa wani direba ya tsallako daga Benin, ya shigo shagon, ya rage murya.

"Baba, ina ta kwalba? Mun gani a waya."

Kawu ya miƙa masa zoɓo. Sai da wasu suka biyo da irin tambayar ya gane. Ya taso ya same ni.

"Ni da nike kiran salla, ka maishe ni mai giya a garin shari'a? Wanga shi ne digirin?"

A take na goge sunan. Amma har gobe, in na ratsa kasuwa, masu kifi sai sun ɗaga murya: "Manaja, yau akwai mai sanyi?"