Motata da Kwanar Lungunmu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da Baffa zai tafi Makka ba, duk da na yi ƙoƙarin mantawar har na gaji. Yanzu ma da na ɗauko zancen, sai na ji kafaɗuna sun yi nauyi kamar na wuni ina dako.

A lokacin ina makanike a garejin wani kamfani a Fage, zamanin dalar gyaɗa, kafin a ba mu mulkin kai. Na iya aikina, wannan kam ba cika baki ba ne. Ciwona ɗaya: in abu ya shiga kaina, ba ya fita sai ya kunyata ni. Wata rana aka jawo motar ɗaya daga cikin Kwarori, Larabawan nan da ke awon gyaɗa, ta faɗa rami a hanyar ƙauye. Jikin ya lotse kamar tsohon gwangwani, amma injin lafiyarsa lau. Mai ita ya ce a yar. Ni kuwa, da yake wahala ta yi mini kira, na roƙa aka bar mini.

Ba ni da wurin ajiye ta sai kangon bayan gidanmu a Mandawari. Na kwance ta ƙusa-ƙusa, ina kai wa gida a kan jaki: yau giya, gobe lagireto, jibi taya biyu. Inji kuwa sai da ƙarti shida suka ɗauko shi, suna tafe suna tsine mini a ɓoye. Shekara biyu cur na yi a kangon nan. Kafinta ya yi mini bodi na katako, na sayo matasan fata a kasuwar Kurmi na yi kujeru, na yi rufi da tamfol. Matata Ladidi ta rasa wurin shanya, kajinta suka koma kwana a ƙarƙashin inji.

"Malam," in ji ta wata rana, "ko tuwo ka taɓa sai ya yi warin baƙin mai. Yaushe za mu huta?"

Na ce, "Ranar da kika shiga gidan gaba, za ki gode mini." (Har ta koma ga Allah ba ta shiga ba, Allah ya ji ƙanta.)

Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan rasuwar babanmu. Ɗan kasuwar tufafi ne, mutum mai kamewa, maganarsa a ƙirge take. Bai taɓa leƙa kangon ba. In aka tambaye shi ni, sai ya ce, "Yana can yana wasa da ƙarfe." Wannan magana ta fi mari yi mini ciwo, don babu abin da nake nema a duniya kamar Baffa ya ɗauke ni cikakken mutum.

To, sai Allah ya kira shi Makka, kuma ta jirgin sama, lokacin ba a daɗe da fara tafiya haka ba. Wani Alhaji abokinsa daga Goron Dutse ya aiko cewa motarsa da direba za su jira shi a bakin titi su kai shi filin jirgi. Ina wurin aka kawo saƙon. Bakina, wanda bai taɓa taimakona ba, ya buɗe da kansa.

"Haba Baffa! Ga ɗanka da mota, a ce motar wani ce za ta kai ka?"

Ya dube ni. "Tana tafiya?"

"Tana tafiya, Allah ya ja kwana." (Ba ƙarya na yi ba. Ta yi taku uku gaba, taku uku baya a cikin kango.)

Sai ya juya ga ɗan aike. "Ka ce wa Alhaji na gode, Allah ya bar zumunci. Ɗana zai kai ni." Ɗana! A gaban mutane! Wallahi ranar ban iya cin abinci ba don daɗi.

Kar ku ɗauka wawa ne ni gaba ɗaya. Na san mota ba za ta bi ta zaure ba, tun farko shirina shi ne in fasa katangar kango ta faɗa lungu. Har igiya na ɗauka na auna lungun, daidai bayan katangar, na ga akwai ragowar kamu guda. Nan kaɗai na auna. Me zan auna a lungun da aka haife ni, wanda zan iya bi ido a rufe?

Ana gobe tafiya na fasa katanga. Da safe unguwa ta cika maƙil da 'yan rakiya, har mai unguwa ya zo. Baffa ya fito cikin farar babbar riga da rawani, aka sa akwatinsa na ƙarfe da buta a baya. Maƙwabcinmu Malam Bukar, Babarbaren malami, ya yi doguwar addu'a ya tofa a kan murfin inji. Na murɗa ƙarfen tayarwa sau ɗaya tak, inji ya kama. Mata suka rangaɗa guɗa. Na zauna a bayan sitiyari, Baffa a gefena, na danna ham ba don akwai kowa a gaba ba. Muka fito lungu a hankali, jama'a na biye da mu.

Daɗin nan bai kai taku arba'in ba.

Kafin a kai titi akwai wata kwana, inda zauren Malam Bukar ya turo ciki ta dama, bangon masallacin unguwa ta hagu. Kun san ginin ƙasa: duk shekara bayan damina sai an yi yaɓe, bango na ƙara ƙiba, hanya na ramewa. Tun kakanninmu ake yaɓe bangayen nan biyu. Na hango wurin, na ga ya matse. Mai hankali birki zai taka. Ni kuwa na ce a raina, ai ƙasa ce, za ta ba da hanya. Na taka totur.

Ƙuuu! Katako ya yi ƙara, ƙasa ta zubo ta ko'ina, indararon Malam Bukar ya faɗo a kan tamfol. Motar ta shige tsakanin bango biyu ta tsaya cak. Na sa giyar baya, ta ƙi. Na sa ta gaba, ta ƙi. Na baya suka kama turawa, waɗanda suka taso daga titi su ma suka kama turawa, kowa na salati, motar na tsakiya tana ƙara matsewa. Can lagireto ya tafasa, inji ya yi tari biyu ya mutu.

Baffa ya kakkaɓe ƙasa daga gwiwarsa.

"Mun iso ne?"

"Baffa, ɗan gyara ne kawai."

"To, buɗe mini ƙofa."

Ina ƙofa za ta buɗu, bango na manne da ita? Rana ta fara ɗagawa, jirgi ba ya jiran kowa, motar Alhaji kuwa an riga an sallame ta. Dole na sa wuƙa na keta tamfol ɗin da na ɗinka da hannuna. Dattijon nan, wanda ban taɓa ganin ya yi ko sassarfa ba, ya taka kujera, ya haura gilashi, ya zamo ta kan murfin inji mai zafi da mazaunai. Rawaninsa ya maƙale a sitiyari ya warware. Farar rigar nan ta sha baƙin mai daga kafaɗa har ƙasa. Babu wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi.

'Yan rakiya duk na toshe su a baya. Iyalinsa ta saman mota suka yi masa sallama, suna miƙo hannu suna kuka. Ta sama aka miƙo akwati da buta. Ladanin masallacin ya ba ni aron kekensa, Baffa ya zauna a kariya ya rungume akwati, na rataya buta a hannun keke. Haka na tuƙa shi tun daga Mandawari har filin jirgi, ina haki, gumi na shiga idona. Mun isa ana kiran sunayen ƙarshe, nasa har an kira sau biyu.

Na durƙusa a gabansa. "Baffa, ka yafe mini."

Ya gyara rawaninsa, ya ce, "Na yafe. Je ka kwance ta yau ɗin nan, kar wani ya rasu a lungun a rasa hanyar fitar da makara."

Abin da na haɗa a shekara biyu, kwana uku na yi ina kwancewa a tsakiyar lungu, masu zuwa masallaci na tsallake ƙafafuna suna cewa, "Sannu da aiki, direba." Na gama na koma kwaɓa ƙasa, na yaɓe zauren Malam Bukar, na yaɓe bangon masallaci, na tayar da katangarmu. Ƙarafan kuwa na kai wa maƙera, suka yi fatanya da su.

Da Baffa ya dawo, gida ya cika da 'yan barka da sauka, ni ina raba dabino da zamzam kaina a ƙasa. Mai unguwa ya ce, "Alhaji, yaya wahalar hanya? An ce tafiyar sama akwai ban tsoro."

Baffa ya ce, "Daga Kano zuwa Jidda babu wuya, alhamdu lillahi. Daga ƙofar gida zuwa bakin lungu ne na ga tashin hankali." Sai ya nuna ni da carbi. "Amma dai ɗana ne ya kai ni, kamar yadda ya ce. A keke."

Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da babban shiri, ba na tambayar ƙarfin injinsa. Cewa nake ya je ya auna hanyar fita tukuna, kuma ya auna har bakin titi.