Baban Maazou a Kan Gadar Lyon

"Ni Maazou, ɗan sojan da ya fatattaki Jamusawa daga Lyon! Jirgin sama ma sai da ya ɗauki hoton babana a kan gada!"

Haka yake cika mana kunne a unguwarmu ta Belleville, shi da ko zakara bai taɓa kora ba. Ka san irinsu, ga tumbi, kai kuwa fanko. Kujerar shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar yake kwaɗayi, zaɓe kuma ya matso.

Ran nan sai Chaibou, abokin takararsa, ya ce, "Alhaji, albishirinka! An buɗe wa jama'a hotunan da jiragen leƙen asiri suka ɗauka lokacin yaƙi, can a Lyon. Mu je mu gaida Baba mana."

Mai hankali da sai ya ce zazzaɓi yake. Sarkin wauta kuwa ya bugi ƙirji, ya kwashe mu har da dattawa a sabon jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya.

A ɗakin ajiyar hotunan wata Baturiya ta shimfiɗa mana hoto ƙarƙashin gilashi. Daga ƙololuwar sama aka ɗauke shi, gidaje kamar an watsa gero. Mutum kuwa, ina!

Gogan ya ɓantari goro, ya nuna. "Ga kogin da Baba ya haye da iyo!"

Hajiya Sahadatou, uwar ƙungiya, ta ce, "Alhaji, ai layin dogo ne, yanzu muka sauko daga kansa."

"Da can kogi ne!"

Ya yi ta zuba, bakinsa na feshi. Can sai ya hango wani ɗigo ja a kan gada.

"Allahu akbar! Ga Baba! Har da jar hularsa ta soja!"

Ya fashe da kuka. Dattawa suka ɗaga hannu ana fatiha. Ni kaina na ce shi ke nan, wawan nan ya ci kujera.

Hajiya ta leƙa. "Ikon Allah! Hoto baƙi da fari, hular Baba kaɗai ce ja?"

Baturiya ta yamutsa fuska, ta ce ba a ciye-ciye a nan, ta sa tsumma ta goge gilashin. Sai ga gada fayau. Ashe tukar goron Maazou ce.

Hajiya ta riƙe mata hannu. "Haba Madam, kada ki jefa Baba a shara! Ki ba wa Alhaji ya kai shi gida a yi masa sutura. Shugaba Chaibou, kai za ka sanar da rasuwar."