Dakta Na-Tono, Mai Jin Maganar Ƙasa

Allah bai yi wa Jega rowa ba. Ya ba ta gulbi, ya ba ta kasuwa, da ya tashi cika mata ni'ima kuma ya ba ta Dakta Jibrilla. Kada kowa ya tambayi jami'ar da ta ba shi daktan. Wani mai buga kati ne a bakin tasha ya ba shi, kuma wallahi ya buga da kyau.

Daga Jega har Maiyama, shi ne mutum na farko da ya mallaki na'urar gano ƙarfen da ke binne: wata sanda mai faifai a gindi, ana shafa ta a ƙasa, in ta ji ƙarfe ta sa kuka. Injin ban-ruwansa ya sayar ya saye ta. Matarsa Tabawa ta ce, "Malam, albasar da ke fadama hwa?"

"Albasa ta mutanen yau ce," in ji shi. "Ni da mutanen jiya nika hulɗa."

Direbobin tasha suka laƙaba masa Na-Tono. Ya ɗauka sarauta ce, ya riƙa amsawa da ɗaga hannu.

Ba da ka yake aiki ba, mutum ne mai bincike. Ya karanta a waya, ya matsa wa tsofaffi da tambaya, har ya gano cewa fataken goro sun riƙa yada zango a wannan yanki. Ya tsaya a majalisa ya yi jawabi: "Jama'a, bisa azurfa kuka tafiya ba ku sani ba! Duk inda falke ya kwana, kuɗi sun faɗi. Ni kaɗai ƙasar ga ka yi ma magana." Babu wanda ya tuna masa cewa yawancin cinikin fatake da kuɗin wuri aka yi, kuma injin da zai ji kukan wuri ba a ƙera shi ba tukuna.

A garin Katanga ya fara. Na'ura ta yi kuka, Dakta ya yi kabbara, ya tono wata sarƙa mai tsatsa, ya ɗaga ta sama ya ce guntun sulken mayaƙan Kabi ne. Duk mai keke da ke wurin ya sunkuyar da kai don girmama tarihi.

Labari ya kai Sabiyal, wurin wani manomi Muntari, mai wata gona da ta yi tauri kamar daɓe, har 'yan ƙwadago sun ƙi ta. Muntari ya zo ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, kakana ya ce nan cikin gonata fatake ka sauka." Bai ga amfanin faɗin cewa jiya ya bi gonar da tsofaffin ƙusoshi yana turbuɗawa ba, har da anini ɗaya mai huji da ya samu a adudun kakarsa.

Dakta ya cire babbar riga. Ya tona gabas, ya tona yamma, hannu ya yi kanta, baya ya ƙage. Da ya ci karo da aninin nan sai ga hawaye. Ya sumbace shi, ya ce, "Wanga somin-taɓi ne, uwar tana ƙasa." Ya ci gaba da neman uwar har gona ta yi laushi kamar gari. Muntari ya ja fangali, ya dasa albasa, ya yi wa ilimi addu'a.

Daga ranar kowa ya tuna da kakansa. Mai gona mai tsakuwa, fatake sun kwana a ciki. Mai son a cire kututture, ai a gindinsa madugu ya ɗaure jaki. A Karaye kuwa, wani mai neman rijiya ya tuna cewa nasu fataken masu tsoron ɓarayi ne, da zurfi suka binne. Banza ta kori wofi.

Tabawa ta gaji da shafa masa man zafi. Ranar da ta aika a sayo mata albasar miya, alhali tasu ta bushe a fadama, ta ce, "Malam, noma suka sa ka yi musu." Ya dube ta da tausayi. "Hassada ga mai rabo taki ce, Tabawa."

Da kaka ta yi kyau, manoma suka shirya masa taron karramawa a Aliero. Ya zo da rawani, anininsa rataye a wuya. Ya yi jawabi har rana ta karkata, ya ce jikokin jikoki za su karanta sunansa. Shugaban manoma, Alhaji Ladan, ya miƙa masa kyauta naɗe a ƙyalle. Aka buɗe: sabuwar diga ce dal, mai ƙotar ƙirya.

"Kun san darajar bincike," in ji Dakta.

Alhaji Ladan ya matso kunnensa. "Dakta, akwai wani zango bayan ɗakina, ban taɓa gaya ma kowa ba. Ɗan wuri ne ƙarami, amma kaka ya ce a yi ƙasa sosai."

Ranar Asabar Dakta ya fara, kuma ya tabbatar wa duniya cewa tarihin wurin mai zurfi ne. Shi dai Alhaji Ladan tuni ya sayi siminti, ya sa an zuba murfin masai.