Rasuwar Ƙarfen Labulen Gidan Izzuddin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗu masu tsami, Izzuddin bin Rosdi da maiɗakinsa Nadhirah, mazauna hawa na huɗu a benayen haya da ke bayan kasuwa a garin Klang, suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar ƙarfen labulen falonsu, wanda ya cika da hantsin jajiberin ƙaramar Sallah, bayan doguwar jinya da ya yi ta daurewa.

Marigayin ya shigo gidan ne a makon da amarya ta tare. Irin ƙarfen nan ne mai rami, guda biyu ɗaya cikin ɗaya, wanda ake jan na cikin a ƙara masa tsawo. Da yake tagar falon tana da faɗi, kuma tana kallon barandar da duk mutanen hawan ke bi, sai da aka ja shi har ƙurewa kafin ya kai bango. Izzuddin da kansa ya kafa shi. Ya auna, ya goge alamar, ya sake aunawa. Ya sa mariƙai a gefe da gefe da tsakiya kamar yadda takardar kwalin ta umarta, bai bar ko kusa ɗaya a leda ba. Maƙwabcinsa Pak Cik Mahyudin, wanda ya ba da aron injin huda bango kuma ya riƙe tsani, shaida ne. Shi ne ya ce a ranar: "Kai ɗana, labule za ka rataya ko gada kake ginawa? Ka dai dawo mini da injina tun ina raye."

Duk wanda ya san marigayin ya san shi da ƙarancin magana. Da asuba yakan ce "shiiir," da magariba ya ce "shiiir, tak," shi ke nan zancensa na yini. Mai rufin asiri ne. Masu wucewa ta baranda ba su taɓa ganin maigidan ɗaure da zane yana wanke-wanke ba, ba su kuma san irin kwanon da ake ci idan wata ya yi nisa ba. Maigidan ma ya riƙe amanarsa, domin ko a tsakiyar damina, lokacin da kowane gida ya zama wurin shanya, bai taɓa yarda an rataya masa ko jiƙaƙƙiyar safa ba.

Sai dai babban alherinsa, wanda Izzuddin ba zai manta ba, shi ne sulhun da ya yi tsakanin maigidan da surukarsa. Mak Rokiah, mahaifiyar Nadhirah, tela ce da ta yi suna a ƙauyensu, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ta so a ce 'yarta ta auri mai aikin hannu ba. Ranar da ta fara zuwa gidan, kafin ta zauna, ta kama labule ta ja. "Shiiir." Ta mayar, ta sake ja, ta ɗaga kai ta dubi ƙarfen.

"Wa ya kafa wannan?"

"Abang ne, Mak," in ji Nadhirah, wadda haka take kiran mijinta.

"To. Ashe hannun nan ya san wani abu ban da latsa waya."

Yabon ke nan kaɗai da Izzuddin ya taɓa samu daga bakinta, kuma a kansa yake zaune har ranar jajibere.

Daga wannan yabo ne kuma ciwon ajali ya samo asali. Kowa ya san ba a tarbar Sallah da labulen bara, Mak kuwa ta ɗauki tagar nan tata. Shekarar farko ta aiko da mara nauyi, wanda iska ke kaɗawa. Ta gaba ta yi masa shafi saboda rana. Daga nan aka shiga karan-miski, da tattara, da geza. Muryar marigayin ta fara canzawa, "shiiir" ya koma "ƙiii, ƙiii," ƙugunsa kuma ya soma rankwafawa daidai inda ƙarfen biyu suka haɗu. Izzuddin ya yi jinya iyakar ƙoƙarinsa. Ya goga masa kyandir a cikin ramin, ya ƙara ɗaure kusoshi, yakan tsaya a bakin ƙofa ya rufe ido ɗaya yana duban lanƙwasar. Da ya nemi Nadhirah ta yi wa mahaifiyarta magana, cewa ta yi: "Abang, kai da ta yaba, kai za ka faɗa mata. Ni 'yarta ce, na san abin da zai biyo baya." Maganar ba ta sake tashi ba.

A bana yanar ido ta sauka wa Mak, likita ya ce ta haƙura da keken ɗinki. Duk da haka ta ƙare azumin nan kaf a kan labule ɗaya, tana lalubar ɗinkin da yatsa, ta kuma shaida wa kowa cewa shi ne ɗinkinta na ƙarshe. Ya iso a motar haya cikin buhun da sai da maza biyu suka kama: kore mai ratsin zinariya, ruɓi uku, da duwatsu jere a gindi. Izzuddin ya saƙala ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana ba marigayin haƙuri a zuci. Marigayin ya ɗauka. Ya riƙe har maigidan ya sauko daga tsani, har Nadhirah ta ja da baya don ta ɗauki hoton da za ta tura gida. Sannan ya ce "ƙwas," ya zo ƙasa da labule da ɓarɓashin bango. Kalmarsa ta ƙarshe ke nan.

Ya rasu ya bar mariƙai biyu da har yanzu ke manne a bango suna riƙe da iska, da tarin ƙugiyoyi waɗanda wasunsu ke ƙarƙashin firij ba a kai ga ciro su ba. Ya bar ƙani guda a ɗakin kwana, gajere, wanda ba a taɓa miƙar da shi ba, bai kuma san wahalar duniya ba. Ya kuma bar labulen, lafiya lau, ko zare bai tsinke masa ba.

Da yake masu shaguna duk sun rufe sun tafi ƙauye, iyalan suna godiya ga Anti Mei Lan ta ɗakin ƙarshe, wadda ta ba da aron gorar shanyarta. "Ungo," in ji ta, "amma bayan Sallah ina son abata. Wandunan mijina ba za su bushe da fatan alheri ba." A kan wannan gora labulen ke rataye yanzu, ɗaure da waya. Ba ya zuwa, ba ya dawowa, ba ya cewa komai.

Mak za ta iso washegarin Sallah. Abin da za ta fara yi, kamar kullum, shi ne ta kama labule ta ja, kuma za ta yi tambaya. Izzuddin ya juya al'amarin ta kowace fuska, bai ga yadda za a dubi tsohuwar da ta ƙarar da ragowar ganinta a kan kyauta a ce mata kyautar ce ta yi kisa ba.

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. An naɗe gawar a tsohon zane an tura ƙarƙashin gado, kuma ba za a buɗe wa kowa ba, domin duk telar da ta ga karayar ƙugun nan za ta gane nauyi ne. Za a miƙa ta ga mai sayen tsoffin ƙarafa ranar da ya dawo unguwa da motarsa bayan hutu. Za a karɓi gaisuwa a falo tun daga saukowa Idi. Akwai lemang, shinkafar da ake dafawa a cikin gora, da naman rendang mai yaji, ana dai roƙon a zauna nesa da taga, a kuma riƙe yara.

Duk wanda Mak ta tambaya abin da ya kashe marigayin, ya ce maigidan ne tun farko bai iya kafawa ba. Maigidan ya amince da wannan bayani. Pak Cik Mahyudin ma ya ce shaidar nan ko ba a roƙe shi ba zai bayar.

Idan kuma Mak ta karɓe yabonta a gaban jama'a, kada kowa ya kare shi. A miƙa masa shayi kawai.