Gwalo a Zauren Alhaji

Shekarar da na fara koyarwa a Dapaong, na je Sokodé gaida Alhaji, mahaucin da nake neman 'yarsa. Ya ce, "Malam, me kake koya wa yara?"

Da na ce "Ingilishi, Baba" na ja bakina, da yanzu ina da mata. Amma ina, ni masani ne. Na yi bayanin baƙaƙen leɓe da na hanci, sannan na iso kan baƙin da ake sa harshe tsakanin haƙora wajen furta shi. Na matso kusa, na zaro harshe don ya gani sosai, baƙinsa suna kallo.

Alhaji ya ce, "A zaurena kake mini gwalo?"

Wani direba ya aure ta. Har yau 'ya'yanta suka hango ni sai su zaro harshe: "Kawu, mun iya Ingilishi."